Yadda ɗan Kumasi zai bi tseren mota da tanis, ya kuma samu lokacin hanya da littafi

Ni ɗan Aboabo ne, kuma shekarata goma sha tara ke nan a Suame Magazine, unguwar makanikai da masu kayan mota ta Kumasi. Na fara da wanke kusoshi a cikin fetur a gaban mastana, na zo na koyi gyaran giyabos, yanzu ina da ɗan shago ina sayar da kayan giya da na kuloci. Kumasi garin ƙwallo ne. Ranar Lahadin da Kotoko ke wasa a filin Baba Yara, ko Hajiya mai kokon bakin layinmu ta san wanda ya ci. Ni ma ɗan Kotoko ne, amma abin da ya fi shiga raina shi ne tseren motoci na Formula 1 da wasan tanis, sai tafiya, sai karatun ƙagaggun labarai. Kwanaki yaron shagona ya ce mini, "Masta, wai yaushe kake samun lokacin duk wannan, ga shago, ga iyali?" Na ba shi amsa a tsaitsaye muna ɗaure kaya, amsar ba ta gamsar da ni ba. Shi ya sa na zauna na rubuta ta a tsanake, ko wani a Asawase ko Nima ko Kano zai ƙaru.

Abin da za ka fara nema kalanda ce ta takarda, irin wadda ake rabawa a farkon shekara, mai manyan gidaje da za a iya rubutu a ciki. Waya ba ta yin wannan aikin, domin kana bukatar ganin shekarar gaba ɗaya a bango. Ka samu biro biyu. Da ja ka zagaye duk Lahadin da ake tsere. A 2024 da 2025 tsere 24 aka yi kowace shekara, daga Maris zuwa farkon Disamba. Da shuɗi ka ja layi a kan manyan gasannin tanis guda huɗu, kowacce kusan mako biyu: ta Ostireliya a rabin Janairu na biyu, ta Faransa daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni, Wimbledon ta Ingila daga wajen ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Yuli, sai ta Amurka daga ƙarshen Agusta zuwa farkon Satumba. Sannan ka sa azumi da Sallah biyu, da duk bikin dangi da ka san ranarsa. In ka gama ka ja da baya ka duba, za ka ga farare biyu da babu ja babu shuɗi a cikinsu. Ka ajiye su, zan dawo kansu.

Yanzu maganar agogo, wadda a nan ne mu mutanen Gana Allah ya hutar da mu. Layin da ake auna agogon duniya daga kansa ya ratsa ta Tema, kuma ba ma matsar da agogo gaba ko baya. Duk inda ka ga an rubuta GMT ko UTC a jadawali, agogon hannunka ne, ba ragi ba ƙari. Turai ne ke sauyawa: daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba, Ingila na gabanmu da awa ɗaya, Faransa da Italiya da Sifaniya da Beljiyam da awa biyu. In abokinka na Kano ya turo maka lokaci, ka cire awa ɗaya, don Najeriya na gabanmu da awa guda duk shekara. Na taɓa rasa rabin tsere saboda wannan.

Yawancin tseren Turai ana sakin motoci ƙarfe uku na yammarsu, wato ƙarfe ɗaya na rana a wurinmu. Na Silverstone a Ingila yakan faɗo ƙarfe biyu. Na Abu Dabi, wanda ake rufe shekara da shi, ƙarfe ɗaya. Na Singafo da ake yi da dare ƙarƙashin fitilu, sha biyun rana ne a Kumasi. Na Ostireliya wajen huɗun asuba, na Japan wajen biyar. Na nahiyar Amurka yawanci sukan faɗo tsakanin magariba da lisha. Ka ga duk sun ci karo da salla ke nan, kuma ni ba na ba kowa shawarar ya jinkirta salla saboda mota. Dabarar ita ce ka san masallatan unguwarku. A wajenmu wani masallacin sha biyu da rabi yake tayar da azahar, wani ɗaya, wani ɗaya da rabi. Ranar tsere na san inda nake nufa, in idar in dawo da sauran minti goma. Tsere ba ya cika wuce awa ɗaya da rabi zuwa biyu, don haka kafin la'asar an kaɗa tutar ƙarshe. Na asuba da na magariba kuwa sai ka tashi ka je jam'i, ka dawo ka ci gaba daga inda ka tsayar in dikodarka na ɗauka. Ka kife wayarka kawai, don akwai mai rubuto maka sakamako.

Wurin kallo shi ne wahalar gaske. SuperSport ce ke nuna tseren a DStv, kuma ba a ƙaramin tsari take ba. Gidajen kallon unguwa ƙwallon Ingila suke sayarwa, shi ma ranar Lahadi da rana ake buga shi. Abin da muka yi mu shida ne: muka haɗa susu, wato adashi, kowa na tura kasonsa ta momo, wato kuɗin waya, a farkon wata, aka ajiye dikoda a ɗakin zauren Kawuna, wanda shi tanis kawai yake kallo. Kafin mu kai ga haka, na shekara biyu ina biyan mai gidan kallo kuɗin mutum biyar ya kunna mini ƙaramar talabijin ta kusurwa ba sauti. Wannan ma hanya ce, in ba ka samu abokai ba tukuna. Sai ka tanadi wuta. Batirin mota mai lafiya da ƙaramar inbata sun isa su riƙe talabijin da dikoda har a gama. Ka caja shi tun Asabar, ka haɗa wayoyin tun kafin a fara, kada sai an ɗauke ka tashi neman filaya a cikin duhu.

To ga ka zaune, me za ka kalla? Wanda bai saba ba yakan ce motoci ne kawai ke zagayawa. Gaskiyarsa, in motar da ke gaba kaɗai yake bi da ido. Ka fara tun ranar Asabar, lokacin neman gurbi. Awa ɗaya ce, kashi uku, ana zubar da marasa sauri har a rage goma, su goman su yi takarar wanda zai tsaya a sahun farko. A nan za ka ga iyakar gudun mota, tanki ba nauyi, taya sabuwa. A Monako ma Asabar ta fi Lahadi muhimmanci, don titunan garin sun matse, wanda ya tashi a gaba da wuya a wuce shi a zagaye 78 ɗin nan.

Ranar Lahadi kuwa idonka ya zauna a kan jerin sunayen da ke gefen hagu na allo. Lambobin da ke gaban kowane suna tazara ce ta daƙiƙa. Ka zaɓi motoci biyu da ke bin juna, ko da na bakwai da na takwas ne, ka riƙa duba tazararsu duk zagaye. In ka ga 2.4 ta koma 1.9, ta koma 1.3, to akwai magana nan da zagaye uku, tun kafin mai sharhi ya ɗaga murya. Goma na farko ne ke samun maki: 25, 18, 15, 12, 10, 8, 6, 4, 2, 1. Saboda haka faɗan na goma da na sha ɗaya faɗan gaske ne, kuɗin ƙungiya na shekara mai zuwa na iya rataya a kansa.

Sai taya, wadda ita ce uwar tseren. Pirelli ke ba kowa, kuma launin gefenta ke gaya maka irinta. Ja mai laushi ce, tana kama kwalta amma tana cinyewa da wuri. Fara mai tauri ce, tana jurewa amma ba ta da zafin nama. Rawaya na tsakani. Kore da shuɗiya na ruwan sama ne. In ba a yi ruwa ba, doka ta tilasta wa kowane direba ya yi amfani da iri biyu, don haka dole ya shiga gareji aƙalla sau ɗaya. Shiga da fita na cin wajen daƙiƙa ashirin. Ga inda wayon yake. A ce kana bayan mutum da daƙiƙa ɗaya da rabi, ka kasa wuce shi a kan hanya. Sai ka riga shi shiga. Ka fito da sabuwar taya kana zuba gudu, shi yana can yana lallaɓa tsohuwa. Kafin ya shiga nasa canjin ya fito, ka riga ka wuce bakin garejin. Ka ƙwace matsayi ba tare da ka taɓa jerawa da shi ba. Ranar da na fara gano wannan da kaina, kafin a faɗa, na san na zama ɗan kallo. Haka in aka yi haɗari motar tsaro ta fito ta tara su a bayanta suna tafiya a hankali, duk wanda bai canza taya ba ya samu garaɓasa, don asararsa ta ragu kusan rabi. Da ka ga tutar rawaya, duba wa ya shiga, wa bai shiga ba.

Mu masu aikin hannu akwai abin da ke taɓa mu daban. Mutum kusan ashirin ke jiran mota, uku a kan kowace taya: mai bindigar kwance noti, mai cire tsohuwa, mai sa sabuwa. Noti ɗaya ne tak a tsakiya. A Katar a 2023 ma'aikatan McLaren sun canza taya huɗu a daƙiƙa 1.80. Nakan tsayar da hoton in nuna wa yaran shago yadda kowa ya durƙusa a wurinsa, ba mai kallon ɗan'uwansa, ba mai neman sifana. Injin kansa tun 2014 lita 1.6 ne mai silinda shida, girman na ƙaramar motar haya, sai dai da tabo da taimakon lantarki. Giya takwas ce ta gaba, direba na canzawa da yatsu a bayan sitiyari. Tun 2010 ba a ƙara mai a tsakiyar tsere, da abin da ka tashi da shi za ka gama kilomita 305. In suna tsere da dare ka dubi cikin ƙafar mota a wurin kwana, za ka ga faifan birki ya yi jajir kamar garwashin mai tsire. Ƙarfen nan kuma da ya zagaye kan direba, wanda aka wajabta a 2018 mutane suna ta kushe shi, shi ne ya tsare kan Romain Grosjean a Baharen a 2020, lokacin da motarsa ta huda shingen ƙarfe ta rabe biyu ta kama da wuta, ya fito da ƙafarsa.

Ka zaɓi gwani, don kallo ba gwani ba ya daɗi. Ni na Lewis Hamilton ne tun 2008, shekarar da ya ci kambunsa na farko a kwanar ƙarshe ta zagayen ƙarshe a Burazil. Kambu bakwai gare shi, daidai da Michael Schumacher, kuma na bi shi zuwa Ferrari a 2025. Ƙanena na Max Verstappen ne, wanda ya ci huɗu a jere daga 2021 zuwa 2024, kuma har yau ba ma tayar da zancen Abu Dabi na 2021, inda Verstappen ya wuce Hamilton a zagayen ƙarshe ya ci kambu, a gaban Kawu. Abin da ke ci mini rai shi ne tun tseren Kyalami na Afirka ta Kudu a 1993 ba a sake kawo Formula 1 nahiyarmu ba. Gasar Dakar ma da sunan garinmu na Afirka take yawo, amma tun 2020 a Saudiyya ake yin ta. Wanda ya rage mana shi ne Safari na Kenya, da ya dawo cikin gasar duniya a 2021. Ka neme shi, ka ga mota na keta laka da ƙura irin ta hanyoyin ƙauyukanmu.

Tanis Kawu ne ya koya mini, kuma da lissafi ya fara. Maki na tafiya 15, 30, 40, sai a ci wasa ɗaya. In an yi 40 da 40, sai wani ya ci biyu a jere. Wanda ya fara cin wasa shida da ratar biyu ya ci set. In an yi shida da shida sai a yi raba-gardama zuwa maki bakwai, a set na ƙarshe kuma zuwa goma, kamar yadda manyan gasannin huɗu suka daidaita tun 2022. Mata set biyu cikin uku, maza a manyan gasanni uku cikin biyar. Kwana biyu ya ishe ka ka riƙe wannan.

Abin da ya fi lissafi shi ne abin da Kawu ya gaya mini wata rana da ya ga kaina na bin ƙwallo hagu da dama. Ya ce, "Ɗana, bar ƙwallon nan, ba inda za ta. Dubi ƙafafun mutum ɗaya." Na gwada. Sai na ga ɗan tsallen da ɗan wasa ke yi daidai lokacin da abokin karawarsa zai buga, na ga yadda yake komawa tsakiya bayan kowane bugu, na ga lokacin da ƙafar ta fara nauyi a set na huɗu tun kafin maki ya nuna. Ka yi haka na wasa uku, sannan ka koma kan ɗayan. Abu na biyu, ka sani mai sabis, wato wanda ke fara buga ƙwallo a kowane maki, shi ake sa ran ya ci wasansa. Duk rigimar tanis a kan karya sabis take. In ka ga 30 da 40 a kan mai sabis, ajiye kofin ataya. Kuma ka lura da sabis na biyu, wanda mutum ke yi bayan ya ɓarar da na farko. A nan ake gane mai zuciya.

Filin ma na sauya wasan. Na Faris jar ƙasa ce ta garin bulo, kalar hanyar ƙauye da rani. Ƙwallo na tashi sama tana rage gudu, 'yan wasa na sulalewa a kai, musayar bugu na tsawo. A nan Rafael Nadal ya ci kofi 14. Ciyawar Wimbledon kuwa ƙwallo ƙasa-ƙasa take zamewa, mai ƙarfin sabis ke morewa. Melbon ta Ostireliya da New York ta Amurka daɓe ne mai tauri. Novak Djokovic na da manyan kofuna 24, Serena Williams 23, Nadal 22, Roger Federer 20. In kana neman wanda jini zai ja ka gare shi, ga Ons Jabeur 'yar Tunisiya, da ta kai wasan ƙarshe na Wimbledon a 2022 da 2023, ga Frances Tiafoe da iyayensa 'yan Saliyo ne, ga Félix Auger-Aliassime da mahaifinsa ɗan Togo ne, nan maƙwabtanmu. 'Yata ta fari saboda Jabeur ta fara zama tare da mu.

Lokutan tanis sun fi na mota sauƙi. Wasan ƙarshe na Ostireliya takwas da rabi na safiyar Lahadi ne a nan, ka sayo waake ka zauna. Na Faris wajen ɗaya na rana. Matsalarsa ɗaya ce, ba shi da agogo. A 2010 John Isner da Nicolas Mahut sun yi awa 11 da minti 5 cikin kwana uku a Wimbledon. Don haka ranar wasan ƙarshe kada ka yi wa kowa alkawarin yamma.

Ranar 8 ga Yuni 2025, kwana biyu bayan Babbar Sallah, muna zauren Kawu, mata na ta suyar naman layya a tsakar gida, ƙamshi na shigowa ta taga. Jannik Sinner ya ci set biyu na farko a kan Carlos Alcaraz. Muka je la'asar muka dawo. A set na huɗu Sinner na gaba da biyar da uku, ga maki uku na cin kofi a hannunsa. Biyu daga cikinmu suka sa takalma. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya, amma talabijin ko ƙiftawa ba ta yi ba, don tun rana a kan batiri take. Kawu bai ce uffan ba, tasbaharsa kawai ta tsaya a hannunsa. Alcaraz ya kuɓutar da na farko, da na biyu, da na uku. Masu takalma suka tuɓe. Muka yi magariba a ƙofar gida, gumi ya jiƙa mana riguna, muka koma muka tarar ana set na biyar. Awa 5 da minti 29 aka yi, Alcaraz ya ɗauka. Wanda ya ga taƙaitaccen bidiyon minti goma washegari ya san sakamako, amma bai zauna cikin zafin nan yana jiran sabis a kan 0 da 40 ba. Shi ya sa nake cewa ko wasa ɗaya za ka kalla a wata, ka kalle shi daga farko har ƙarshe.

Kuma ka yi ƙoƙari ko sau ɗaya ka ga tanis da idonka. A Maris 2024, lokacin wasannin Afirka, na hau mota zuwa Accra, wadda mu nan muke ce wa Ankara, na kwana wurin ɗan'uwana a Nima, da safe na nufi Borteyman inda aka gina sababbin filaye. Talabijin na ɓoye gudun ƙwallo. A kusa za ka ji ƙarar raket kamar an fasa kwakwa, ka ji kukan takalmi a kan daɓe, ka ji numfashin ɗan wasa. Akwai filayen tanis a babban filin wasa na Ankara ma, kuma kallon masu atisaye ba ya cin ko sidi ɗaya.

Mu koma kan fararen nan biyu na kalanda. Na farko a Agusta ne: masu tsere na hutun kusan mako uku zuwa huɗu, Wimbledon ta wuce, ta Amurka ba ta zo ba. Allah da ikonsa, lokacin ne ruwan kudancin Gana ke ɗan tsagaitawa tsakanin babbar damina da ƙarama. Wannan na bakin teku ne. Ka je Cape Coast, ka wuce Elmina ka shiga ginin da Turawan Fotugal suka kafa a 1482, ka tsaya a ɗakunan da aka tsare bayi. Ba wurin raha ba ne, ka ba shi yini guda shi kaɗai. Dajin Kakum da gadar igiyarsa ka bar wa washegari da sassafe. Fari na biyu daga tsakiyar Disamba ne zuwa tsakiyar Janairu, lokacin hunturu. Wannan na arewa ne: Techiman, Kintampo, ka tsaya ka ga ruwan da ke zubowa daga dutse, ka wuce Larabanga ka ga tsohon masallacin ƙasa, ka kwana a gandun dajin Mole. Da rani ruwan daji na ƙafewa, giwaye na taruwa a tafkin da ke ƙasan masauki, ba sai ka sha wahalar nemansu ba. In aljihu bai kai nan ba, tafkin Bosomtwe bai fi tafiyar awa ɗaya da 'yan kai daga Kumasi ba, ka je da safe ka dawo da yamma. Kuɗin tafiya kuwa susu daban nake yi masa, kullum in na rufe shago in cire wani abu, ba na haɗa shi da na dikoda.

A kan hanya ne littafi ke samun ranarsa. Daga Asafo a Kumasi zuwa Circle a Ankara kilomita wajen 250 ne, amma ka ƙaddara awa biyar ko fiye, musamman in kun iso Nsawam da Pokuase da yamma. Ka hau babbar bas ta safe, kada ka hau ƙaramar da ke tsere da iska. Ka nemi kujerar tsakiya, tsakanin tayoyin gaba da na baya, nan ne girgiza ta fi sauƙi. In Ankara ka nufa da safe, zauna hannun dama, don rana ta ɓangaren direba take bugowa. In arewa ka nufa da safe, zauna bayan direba. Ka tafi da auduga ta toshe kunne saboda fim ɗin da za a kunna da mai tallar magani. Wanda karatu a mota ke sa wa jiri, ya riƙa ɗaga kai duk shafi biyu ya dubi nesa, ya kuma ajiye littafin a hawan Nkawkaw, dama duwatsun Kwahu sun cancanci a kalle su.

Littattafan Turanci na hannu ba sa wuya, ana shimfiɗa su a Adum da kewayen Kejetia, kuma akwai laburaren jiha a harabar Cultural Centre. Na Hausa ne ke son ƙoƙari. Mu 'yan zango da Hausa muka tashi a baki, amma a makaranta Turanci da Tuwi muka karanta, a makarantar allo kuma Larabci. Na kai shekara talatin ban taɓa karanta shafi guda na Hausar boko ba. Wani direban babbar mota da ke zuwa Kano ne ya kawo mini littafi uku daure da roba, ya ce, "Yaya, gwada waɗannan." Daren farko shafi huɗu na yi. Abin da ya buɗe mini hanya shi ne karantawa da ƙarfi. Ido bai san kalmar ba, amma da baki ya furta sai kunne ya gane ta. Ka yi haka shafi ashirin na farko. Ka kula da haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, don su ke raba ƙafa da kafa. Za ka haɗu da kalmomin Kano da ba ma faɗa a nan, da bambancin "ya" da "ta" da mu muka saba haɗewa. Kada ka tsaya a kan kowacce. Ka ja mata layi da fensir, in ta dawo sau uku ka tambayi dattijo a masallaci. Ta haka na samu hira da tsofaffin da da gaisuwa kawai ke haɗa mu. Yanzu marubuta da yawa a waya suke sakin labaransu, wasu kuma ana karanta su da murya a YouTube, amma ni takarda nake so, ba ta cin caji, ba ta kawo mini sakamakon wasan da ban gama kallo ba.

Ina ba kowane littafi shafi hamsin. In na kai nan ban damu da abin da zai sami mutanen ciki ba, sai in ba wani. Wanda ya kama ni kuwa nakan naɗe bangonsa da takardar buhun siminti, don hannun ɗan Magazine ba ya rabuwa da baƙin mai, kuma littafin aro a mayar da shi yadda aka karɓa. Ɗaya na zaune a aljihun ƙofar shago don tsakar rana in kasuwa ta yi sanyi. Ɗaya kuma dole ya bi ni zauren Kawu, saboda ruwan sama na tsayar da tanis, jar tuta na tsayar da tsere. A ƙarshen Agusta 2021 a Beljiyam an fi awa uku ana jiran ruwa ya ɗauke, daga bisani aka yi 'yan zagaye a bayan motar tsaro aka raba rabin maki aka tashi. Abokaina sun yi ta tsaki har la'asar ta wuce. Ni a ranar na gama kashi na biyu na littafin da direban nan ya kawo mini, na kira shi a waya tun kafin magariba na ce in zai dawo daga Kano ya taho mini da na uku.